Hoton Barikin da Ba Namu Ba

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya in goge cikin abin da na aikata a duniya, ba daga fagen daga zan ɗauko shi ba. Na yi shekara goma sha biyu ina saɓa bindiga, ban taɓa harbin kowa ba, Allah ne shaidata. Abin da zan goge wani hoto ne da bai kai tafin hannu ba, da kalma uku da na faɗa a kansa wata Juma'a a ƙofar gidanmu. Na ce, "Barikinmu ke nan." Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce tun tana bakina. Ita ta yi sanadin jikata, ita ta raba ni da ɗana. Yau na haura saba'in, karatuna bai wuce firamare ba, amma zan rubuta yadda abin ya faru gwargwadon iyawata.

Ni mutumin ƙasar Dawakin Tofa ne. Wanda ya san wajenmu ya san ba mu da daji. Gona na jikin gona, gida na hangen gida, in ka yi atishawa a gonarka maƙwabcinka ne zai yi maka addu'a. Mu bakwai ne maza a gandun mahaifinmu, gonar kuwa da za a raba ta, kowa da ƙyar zai sami wurin ɗaure jakinsa. Shi ya sa bayan na yi 'yan shekaru ina jigilar taki, da aka zo ɗaukar soja na shiga layi.

Ban daɗe ba aka sa sunana cikin waɗanda za a tura Labanan aikin kiyaye zaman lafiya. Aka ba mu shuɗiyar hula. Aikinmu tsayuwa a shingen hanya, mu duba mota, mu ɗaga mata hannu, mu koma bayan buhunan yashi. Kusa da yankinmu akwai sojojin wata ƙasa da ban taɓa jin sunanta ba, Ailan. Ni a ganina duk Turawan Ingila ne. Ranar da na faɗa wa ɗayansu haka, fuskarsa ta yi ja kamar gauta.

Ya ce, "Ka sake faɗa, ka ga ko zan ƙara ba ka shayi."

Kofur ne kamar ni, mai giɓi, ɗan makiyayi. Da guntun Turancina da nuni da hannu muka zama abokai. Hirarmu ba ta wuce shanu da ruwan sama. Ya ce a garinsu kusan kullum ana ruwa. Na ce to ku sammana mana. Ya ce mu fara aiko musu da rana tukuna, ba ya ciniki da wanda bai nuna kayansa ba.

Da lokacin komawarsu ya yi, ya zaro hoto daga aljihu ya ba ni don tunawa. Wani dogon gini ne na dutse, hawa biyu, tagogi a jere, gabansa koriyar ciyawa shimfiɗe kamar darduma. Babu mutum ko ɗaya a ciki. Ya ce barikinsu ne. Na riƙe shi ina ta jinjina kai. Sai ya dafa kafaɗata, ya faɗi maganar da har yau ban manta ko harafi ɗaya ba.

"Kada hoto ya ruɗe ka, daga waje aka ɗauke shi. A ciki bokiti muke tarawa. Danshi ya hana ɗana lafiya, sai da na kwashe shi da uwarsa na kai su gidan tsohona kafin in taho. Kuma mutane barin aikin suke yi, aikin mutum uku yanzu mutum ɗaya ke yi."

Na dawo gida da hoton, na bar maganar a can.

Sauran shekaruna na yi su a barikoki uku na ƙasarmu, na san yadda suke ciki da bai. Ɗaki ɗaya, ni da matata da yara, banɗaki ɗaya ga layi guda, kwanon rufi duk tsatsa. Da mahaifina ya rasu na nemi sallama, na dawo na riƙe gandu. Mutanen gari suka laƙaba mini Saja, alhali a kofur na tsaya. Ban gyara musu ba. Ashe tun daga nan na fara.

Wata Juma'a bayan an sauko, muna zaune a inuwar ɗorawar ƙofar gida, sai taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda ba ya ganina ya ƙyale ni, ya dube ni ya ce, "Saja, wai don Allah, shekara goma sha biyu a gidan gwamnati, ka dawo mana da akwatin ƙarfe da tari? Ni da ban je ko'ina ba ai na fi ka akuya."

Aka kwashe da dariya. Na saba da bakinsa, amma ranar abin ya sosa mini rai, don da gaske ya fi ni akuya. Na tashi na shiga gida, na buɗe akwatin, na fito da hoton na ajiye a kan tabarma.

"Barikinmu ke nan," na ce. "A nan na zauna. Ku da ba ku taɓa wuce Dawanau ba, me kuka sani?"

Hoton ya bi hannu hannu, kowa ya duba ya ce masha Allah. Na ƙarshen karɓa shi ne babban ɗana, yana da shekara tara a lokacin. Yana ƙarami ƙwarai muka bar bariki, bai tuna komai ba. Ya riƙe hoton da hannu biyu kamar an ba shi allo.

Dole in faɗi yadda muke da yaron nan. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa, ga kunya biyu ta haɗu. Ban taɓa kiran sunansa ba. In ina son sa sai in ce "kai," in ina maganarsa in ce "yaron nan." Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. In aka kawo tsire, 'ya'yan ƙanena nake fara miƙa wa, shi ya sami abin da ya rage. Haka muka tarar ana yi, kara ce, kuma ana yabon mai ita. Lokaci ɗaya kawai yake samun zama kusa da ni, in ina labarin soja. Ni ma lokacin ne kawai nake iya kallon fuskarsa ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Don haka na yi ta labarin, ina ƙara masa gishiri. Na ba barikin nan famfo a kowane ɗaki, na ba shi lantarki da ba ya ɗaukewa, na ba shi makarantar yara da asibiti.

Yaron ya girma da hannu mai albarka a noma. Bayan ya gama sakandare ya yi rani biyu yana bin wani maƙwabcinmu zuwa madatsar ruwan Watari, suna noman albasa da tumatir. Ya aiko uwarsa ta gaya mini yana so ya kama wannan sana'a. Ni kuma na aiki ƙanena ya gaya masa ana ɗaukar soja wata mai kamawa. Ko wannan ban faɗa masa da bakina ba. Bai yi musu ba. Uwarsa ta ce da zai tafi ya roƙe ta ta ɗauko masa hoton ya ƙara gani.

Bayan shekara uku ya yi aure. Yarinyar 'yar wasu mutanen Barno ce da suka daɗe a Dawanau suna cinikin wake, mai hankali, mai ƙarancin magana. Ya tafi da ita barikin da yake, tafiyar yini guda a mota. Ɗakinsa na cikin gida kuwa, da ɗan ƙanena ya tashi aure, na ce a sa amaryar a ciki. Har liman sai da ya yaba mini, ya ce irin wannan kara ta yi ƙaranci a zamanin nan.

Allah ya ba su 'ya mace. Da farko suna zuwa kowace sallah, daga baya hutun ya yi wuya, ya ce mutane sun yi kaɗan, ba a sakin kowa. Amma duk zuwan da suka yi, yarinyar nan tawa ce. Abin da al'ada ta hana ni yi wa ubanta, ta halatta mini in yi mata. Ni ne mijinta, ita ce amaryata.

"Amarya, yau ma ba tuwo? Zan fa ƙaro aure."

"Ƙaro mana. Wa zai aure ka, ba ka da haƙori."

"To ba ni raken nan in sha."

"Da me za ka sha? Kawo in tauna maka."

Shekararta huɗu da 'yan watanni a zuwansu na ƙarshe. Na ɗora ta a kan jaki muka zaga gona, na yi mata alkawari wata rana da jakin nan zan je har barikinsu in ɗauko ta, in kawo ta ɗakinta.

Bayan kaka, an gama shigar da amfani rumbu, ina gona da hantsi ina sauke mangalar taki, sai ga shi ya zo shi kaɗai da kayan gida. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa ina kallon jaki.

Ya ce, "Baba, an sa sunana. Sudan za mu, kiyaye zaman lafiya."

Na ji daɗi har cikin raina. Na ce, "Madalla. Ka gaji ubanka."

"An ce wata shida. Amma waɗanda za mu canza sun kusa shekara suna jira, ba a sami mutanen da za a tura musu ba sai yanzu." Ya gyara durƙuso. "Baba, so nake in kawo su gida kafin in tafi. Bangon bayan ɗakinmu ya tsage, hannu na shiga. An zo an duba sau biyu, an rubuta, an ce za a gyara. Damina biyu ke nan."

Na san irin tsagar da yake nufi, na kwana ƙarƙashin irinta. Kuma a daidai lokacin maganar kofur mai giɓi ta faɗo mini, shi da ya kwashe iyalinsa ya kai gidan tsohonsa. Rani ne, lokacin gini. Da na ce to, da a mako biyu mun buga tubali mun tayar da ɗaki a gefen rumbu. Amma ga abin da ya zo mini a zuciya, zan faɗe shi yadda yake. Na farko, za a ce na tsaya ina gina wa matar ɗan fari ɗaki da hannuna. Na biyu, wanda ya fi nauyi, in yarinyar nan ta zauna wata shida a cikin matan gari, za su tambaye ta me ya fito da ita daga gidan bene mai famfo, ita kuma ba ta iya ƙarya ba.

Na ce, "Matar soja a bariki take zama. In ta fito aka ba wani ɗakin fa? Ka dawo ka kwana a ina? Wata shida ne, kafin ruwa ya yi ƙarfi ka dawo."

"Baba, ka zo ka gani da idonka. Sau ɗaya kawai."

"Yaushe ka taɓa ganin uba ya je gidan ɗan fari yana leƙa masa ɗaki?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da ɓurɓushin taki a yatsunsa. Can ya ce, a hankali, "Baba, hoton nan. Na yi bariki huɗu, na tambayi tsofaffin sojoji. Ba wanda ya san inda yake."

Mu biyu ne a gonar, sai jaki. Ba wanda zai ji. Allah ya buɗe mini ƙofa har bango, ya ce shiga. Na ce, "Wataƙila an rushe shi. Miƙo mini kwandon can."

Ya miƙo. Ya tuɓe rigarsa ya taya ni baza taki har azahar. Gidan iyayen matar ba wurin zuwa ba ne, mahaifinta ya rasu, uwarta na zaune a ɗakin haya wurin ɗanta. Kuma shi ba yaron da zai tsallake maganata ba ne.

Uwarsa ta same ni da la'asar ina alwala. Ta ce, "Malam, ɗakina fa? Su zo mu zauna tare, ni ban ƙi ba."

Na ce, "Ke ma yau kin manta da kara?"

Ta ce, "Kara ba ta tare ruwan sama, Malam."

Na ci gaba da alwalata.

Wata shida ya cika, ba a canza su ba. Ruwa ya sauka, muka yi shuka, muka yi noman farko. Yana bugo wa uwarsa waya jefi-jefi, ya ce har yanzu ba a haɗa waɗanda za su karɓe su ba, an ce mutanen suna wani aikin a gida. Muna cikin maimai surukata ta kira wayata, abin da ba ta taɓa yi ba. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Baba, ruwa na shigowa ta tsagar. Mun janyo katifa bakin ƙofa."

Kafin in amsa na ji an fisge wayar.

"Mijina! Bangonmu yana fitsarin kwance!"

Na yi dariya har da tari. Na ce, "To ki yi masa bulala."

"Yaushe za ka zo da jakin?"

"Bari mu gama maimai, amarya."

A ranar na fara saukowa daga dokin naƙin da na hau, ban ɓoye ba. Na zaga bayan rumbu na auna wuri da ƙafa. Amma wa ke ginin ƙasa da damina? Tubalin da ka buga da safe ruwan la'asar zai mayar da shi taɓo. Lokacin ginin ya wuce tun ranar da nake baza taki. Saura ɗakin uwarsa, wanda ke nan a buɗe tun farko. Na ce a raina, bari a gama maimai in aiki ƙanena ya ɗauko su, in ce wa mutane hutu suka zo. Har a wannan lokacin ina tsara abin da zan faɗa wa mutane.

Aka shiga marka, kwana uku ruwa bai ɗauke ba. A rana ta huɗu ina gona ina buɗe wa ruwa hanya daga cikin gero, sai na hango ƙanena yana tahowa ta kan kunya ba hula a kansa. Tun daga nesa na san ba lafiya.

Ashe da safe surukata ta fita ɗebo ruwa a famfon da ke ƙarshen layi. Saboda yayyafi ta bar yarinyar a ɗaki tana shan koko. Kafin ta dawo bangon ya zauna.

Na je barikin. Zuwana na farko ke nan, kuma na tarar har an kai ta. An yi wa ƙofar shiga sabon fenti, ga wani allo da ke cewa ana aikin gyaran gidaje, bayansa harsashin gini ne da ciyawa ta rufe. Na wuce layi bayan layi, duk na san su ko da ban taɓa shiga ba, irin waɗanda na bari ne, sai dai tsufa da suka ƙara. Yawancin mazan ba sa nan, mata ne da yara. Na tsaya gaban ɗakin. Ɗan kwanonta na nan a cikin ƙasar, ba wanda ya ɗauke.

Wata maƙwabciyarsu ta fito ta yi mini gaisuwa. Ta ce, "Baba, kai ne kakan? Allah sarki. Kullum sai ta gaya wa yaran layin nan mijinta na nan zuwa da jaki."

Surukata ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ba a saki yaron nan ya zo ba, an ce ba wanda zai tsaya a wurinsa. Sai da ya yi wata goma sha uku ya dawo. Ya iso garinmu da rana, ya shiga wurin uwarsa ya daɗe, sannan ya fito ya same ni a zaure ya durƙusa. Ya rame, ya yi baƙi. Ya ce, "Baba, ya haƙuri? Allah ya ji ƙanta." Shi ne ma yake yi mini ta'aziyya.

Na buɗe baki na kira sunansa. Shekararsa talatin da ɗaya a duniya, ranar na fara. Ya ɗan waiga kamar wani ake kira a bayansa. Sannan ya dube ni ya ce, "Baba, ba sai ka yi haka ba."

Bai kwana ba. Ya ce motar yamma zai bi.

Da rani ya zagayo na buga tubali da hannuna, ban yarda kowa ya taya ni ba. Na tayar da ɗaki a gefen rumbu, na yi masa rufin kwano da daɓen siminti. Na aika masa ta bakin uwarsa cewa ɗaki na nan. Ya ce an gode. Daga baya ya bar aikin sojan, amma bai dawo ba. Yana can wani gari a kudu yana gadin wani kamfani, shi da ke iya fitar da albasa kamar kan jariri. Sun sami wasu 'ya'yan, biyu, ban taɓa ganinsu ba sai a waya. Da uwarsa ta rasu ya zo ya yi kwana uku, a gidan abokinsa ya sauka. Tun da ta tafi kuma babu mai kai saƙo tsakaninmu. Yana kira ranar sallah, mu gaisa, ya tambayi gona, in tambayi aiki, sai ɗayanmu ya ce to.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne ya fi ci mini rai. Bayan rasuwar uwarsa na ga ba ni da sauran abin da nake karewa. Wata Juma'a, a gindin ɗorawar nan dai, na fito da hoton na ajiye gaban waɗanda suka rage cikin tsaranmu. Na ce, "Jama'a, ku yafe ni. Wannan ba barikinmu ba ne. Na wasu Turawa ne da muka yi aiki tare. Ban taɓa taka ƙasar ba."

Ba wanda ya yi mamaki. Taubashina, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya ɗauki hoton ya kai shi kusa da idonsa, ya mayar.

Ya ce, "Saja, ai mun sani."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar. Haba Saja. A wace ƙasa tamu za a sami ciyawa irin wannan babu akuya ko ɗaya a kanta? Mun ga na ƙure ka ne, ranka ya ɓaci, shi ya sa muka yi maka kara."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, har shi. Na zauna ina kallon tabarma. Shekara da shekaru ina tsaron wani mutunci da babu shi tun farko. Duk garin nan mutum ɗaya ne ya yarda da ni, yaro ɗan shekara tara, kuma shi na tura.

Kwanakin baya na ji a rediyo ana maganar sojojin Ailan, wai har yanzu ana tura su irin wannan aiki, wai suna kukan ƙarancin mutane, ana ta alkawarin gyara musu barikoki. Na tuna kofur mai giɓi. Ban san ko yana raye ba. In yana nan, ina jin ɗan nasa ya zama magidanci, wataƙila yana zaune kusa da shi suna duba shanu. Mu biyu muka tsaya a hanya ɗaya, da hula iri ɗaya, da ɗaki mai yoyo iri ɗaya. Shi ya faɗi gaskiyar nasa ga baƙon da ba zai sake gani ba. Ni na kasa faɗa wa ɗan cikina.

Gonakinmu sai ƙara tsukewa suke yi, abin da muka raba mu bakwai yanzu jikoki fiye da talatin ke kallo. Samari na zuwa wurina su ce, Baba Saja, ana ɗaukar soja, me ka gani? Ba na hana su, don ban san abin da zan ce su tsaya su ci ba. Ina dai gaya musu yadda ɗakin yake, da yadda wata shida ke zama goma sha uku. Wasu su fasa, yawanci su tafi.

Ɗakin na nan a gefen rumbu. Ƙanena ya sha roƙona a zuba harawa a ciki, na hana. Kowace Juma'a nakan share shi. Ba don ina sa ran zai zo ba, na daina wannan tun tuni. Hoton kuma ban ƙona shi ba, na liƙa shi a bangon ɗakin daga ciki, inda ni kaɗai nake ganinsa.

Kai da ka karanta wannan, ban roƙe ka ka ji tausayina ba, ban cancanta ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka ƙawata wa ɗanka wurin da kai ka san yadda yake. In kuma wata rana ya durƙusa gabanka ya ce ka zo ka gani da idonka, ka ajiye kwandon, ka ajiye kunyar, ka bi shi a ranar. Ka kira shi da sunansa tun yana iya amsawa. Don girman Allah kada ka yi yadda na yi.